Shekarar da Na Ari Sunan Isuhu

Abin da ya sa na ware wa wannan shekarar babi guda, wata magana ce da na jiyo daga bakin ɗana Sani ranar sunan ɗan ƙanwarsa Bilkisu. Ina zaune a zaure na miƙe ƙafa, sai na ji shi a waje yana bugun ƙirji gaban abokansa, wai sankarar mafitsara ba abin tsoro ba ce, ai Baba Isuhu ya yi ta, ya sha sassaƙe na wata ɗaya da rabi, aka sake gwada jininsa aka ga wayam. Har da cewa shi ma ya san itacen. Na so in ɗaga murya, harshena ya yi nauyi. To, abin da baki ya kasa bari hannu ya yi. Sani, da kai da Kabiru da sauran ƙannenku, ku karanta a tsanake. Isuhu ƙanena, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yin sankara ba har ya bar duniya bara. Ƙaryar nan tawa ce. Ni na haife ta, shi kuwa ya yi mini renonta shekara goma sha biyu bai taɓa cewa ya gaji ba.

Kun san shekara talatin da ɗoriya na yi ina malamin dabbobi. Babu rugar da ban taka ba daga Tabanni har bakin dajin Dogon Dawa, tun zamanin da mutum ke shiga daji da kekensa ba ya tsoron komai sai ƙudan tsando. Aikina shi ne in tsaga kunnen saniya in ɗebi jini, in shafa a gilashi, in duba a madubi ko akwai cutar sammore. Na fi kowa sanin cewa jini yakan faɗi cuta tun dabba tana tsaye tana kiwo. Akwai wani Ardo, abokina, mutumin kirki amma mai wayon tsiya. In ya ji zan zo, sai ya kora saniyar da ta fara ramewa bayan tsauni, ya jawo mini 'yar'uwarta mai sheƙi, don kada in ce a ware masa garke. Ni kuwa sai in dube shi in ce, “Ardo, ni ka ruɗa, ko cutar?” Isuhu ya sha raka ni wannan ruga lokacin rani, in babu aikin gona, kuma maganar nan ta zame mana abin tsokana a tsakaninmu.

Sai kuma batun Yayarku. Ku da kuka taso kuna hawa kafaɗata ba za ku gane ba. Ita 'yar fari ce, mu kuwa a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ta aka kai ta ƙauyenmu Kuyello wurin mahaifiyata, can ta girma. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa cin abinci tana wurin ba, sunanta kuwa ba ya fitowa daga bakina. In ta kama dole sai in ce “ke”, ko in ce wa mahaifiyarku Kande, “gaya wa yarinyar nan.” Ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a asibitin gari. Wallahi ranar da na fara hango ta da farar riga tana leƙa madubi irin nawa, sai da na koma bayan katanga na share ido. Amma ban ce mata ko sannu ba. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi.

Ina da shekara sittin da uku, na ɗan jima da yin ritaya, fitsari ya fara yi mini gardama. In tsuguna in yi ta jira kamar mai jiran mota a ranar da ba ta kasuwa ba, in ya zo ya zo a tsinke, in na tashi na yi alwala kuma in ji ɗigo. Wannan ɗigon ya fi komai ci mini rai. Na bar sahun gaba. In liman ya yi tafiya aka ce Malam Haruna ya ja mu, sai in ce maƙogwarona ne. Mahaifiyarku ba a yi mata ɓoyo.

“Malam,” in ji ta wata safiya, “butar nan yanzu ta fi ni ganinka. Ka je asibiti mana. An faɗa a rediyo, jini kawai ake ɗiba.”

“Wane asibitin?” na ce.

“Asibiti nawa ne a garin?”

Nan gizo ke saƙar. Duk jinin da aka ɗiba a asibitin nan ta hannun Yayarku yake bi. A ce takarda ɗauke da sunana, da bayanin abin da ke damuna a wannan wurin, ta faɗa hannun 'yar da ko sunanta ban iya kira? Na ce gara ƙasa ta tsage in shige. Na yi ta juya abin har damina ta sauka shuka ta fito, sannan dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum ke yi wa kansa yana jin shi gwani ne. Na hau babur na nufi Kuyello, na sha gargada har ƙashin bayana ya yi tsami, na zarce ƙaramin asibitin can ban ko biya ta gidan Isuhu ba. Na ji labarin an kawo sabon ma'aikaci baƙo wanda bai san kowa ba. Na yi masa bayani a gurguje ina kallon bango, ya ɗaure mini hannu ya ɗebi jini. Sai da ya gama, yana neman biro, ya ce ai su ba su da na'urar wannan gwajin, duk ranar Alhamis suke tarawa a akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na asibitin gari.

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Duk wannan tafiyar, ashe zagaye na yi na dawo ƙofar da nake gudu.

“Sunan Baba?” in ji shi, ya ɗora biro a jikin kwalbar.

“Isuhu Tanko,” na ce. Ban shirya ba, haka kawai ya fito.

“Shekaru?”

“Sittin da uku.”

Bayan kwana goma, da la'asar sakaliya, ina zaure ina gyaran igiyar akuya, Yayarku ta yi sallama. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ni kamar kullum. A al'ada daga nan sai ta wuce ciki wurin mahaifiyarta. Ranar ba ta wuce ba. Ta zauna a gefen tabarma, idonta a ƙasa.

“Baba, magana ce a kan Baba Isuhu. Ku ne babba, shi ya sa na fara da ku. An kawo jininsa daga Kuyello.”

Na ce, “To,” na ci gaba da murza igiya.

“Akwai wani ɗan ƙululu da Allah ya yi wa kowane namiji a ƙasan mafitsara, furostet ake ce masa. Yana yin wani sinadari, kaɗan daga ciki yakan shiga jini. Shi muke aunawa, shi ne gwajin PSA. Mun fi son mu ga lambar ba ta wuce huɗu ba. Tasa sha huɗu ce.”

“Wato sankara ce ke nan?”

“A'a, Baba, ba a ce ba tukuna. Hayaƙi muka hango, ba mu san ko girki ne ko gobara ba. Tsufa kaɗai yana kumbura wurin lambar ta hau. Ƙwayar cuta a mafitsara tana ɗaga ta. Har doguwar tafiya a babur gab da ɗibar jinin ana cewa takan taɓa ta kaɗan. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Za a bari sati shida a sake. In ta sauka, alhamdu lillahi. In ba ta sauka ba, likita zai duba da hannu, a ɗauki hoto, in ta kama a tsinko ɗan nama a duba a madubi. Wannan ne kaɗai zai ce sankara ce ko ba ita ba. In ma ita ce, wadda aka kama da wuri ba ɗaya take da wadda aka bari ta yaɗu ba.”

Na shiga jero mata tambayoyi. Shin Isuhu zai iya ci gaba da noma? Shin ɗigon da Isuhu ke fama da shi zai tsaya? Ban ma lura ba cewa babu wanda ya gaya mini Isuhu na ɗigo. Ita kuwa tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, tana jan zaren tabarma da farce. Tun da aka haife ta ban taɓa yin hira da ita mai tsawon wannan ba, kuma na ji daɗin hirar, ba zan ɓoye muku ba. Da za ta tashi ta ce in kawo shi da kwana biyu kafin ranar, ya huta a gidanmu kada ya zo da gajiyar babur.

“Ni da kaina zan ɗebi jinin wannan karon,” in ji ta.

Washegari na koma Kuyello don in riga labari isa, ashe ya riga ni. Ma'aikacin ya aika da takarda gidan Isuhu Tanko, ta faɗa hannun matarsa Asabe, ta kai wa malamin makaranta ya karanta mata, kafin azahar duk unguwa ta ji. Na tarar da ƙanena kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, an tokare shi da matashi, mutane na shigowa dubiya, ga kwanon farfesun kaza a gefe. Asabe idanunta sun kumbura. Tana ganina ta fashe da kuka.

“Yaya, ka ga ɗan'uwanka! Ya je asibiti a ɓoye, yanzu kuma yana rantsuwa wai bai je ba!”

Isuhu ya dube ni, na dube shi. Ya ce a bar shi ya ɗan taka da yayansa. Muka bi ta bayan gida har bakin gonar masara, lokacin ta kai gwiwa.

“Yaya,” ya ce, “ashe na je asibiti ban sani ba?”

Na gaya masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa cin kaza uku a kwana biyu ba, Allah ya ƙara wa Yaya dabara. Da dariyar ta lafa sai ya juya yana kallon masarar. Na roƙe shi ya rufa mini asiri na sati shida kawai, kafin nan zan san abin yi.

“Suna dai na ara maka, ka riƙe,” in ji shi. “Amma jikin naka ne, Yaya. Shi ba na iya ara maka.”

Sati shidan nan shi ya ɗauki nauyinsu, ba ni ba. Asabe ta hana shi taɓa fartanya a daidai lokacin da masara ke neman huɗa da taki. Ta samo sassaƙe wurin wani makiyayi a bakin daji, tana dafa masa kullum da safe, ɗaci kamar maɗaci, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Amfanin gonarsa na wannan shekarar bai kai rabin na shekarar da ta gabace ta ba, kuma har ya mutu bai taɓa yi mini gorin hakan ba. Ni kuwa ina gari ina zarya da buta, ina amsa gaisuwar masu cewa yaya jikin ƙanen naka, ina cewa da sauƙi.

Ranar ta zo. Muka shiga ɗakin gwajin da hantsi, ni da shi, muka zauna a benci ɗaya. Lissafina a shirye yake. Za a ɗebi jinin Isuhu, lamba ta fito ƙasa, kowa ya ce alhamdu lillahi, magana ta mutu. Abin da zai biyo baya a jikina kuwa, na ce Allah ya san da shi. Yayarku ta ɗaure masa hannu, ta ɗebi jinin, ta rubuta sunansa ta ajiye. Sai ta ɗauko wata kwalbar, ta juya mana baya tana gyara allura.

“Baba, tun da kun zo, da an ɗebi naku ma. Abin yakan bi 'yan'uwa.”

Ƙofa ce ta buɗe mini, a faɗi, yadda zan shige ba tare da na sunkuya ba. Amma taurin kai ya hana ni.

“Ni lafiyata ƙalau,” na ce, na fara laluben takalmina.

Ta tsaya yadda take, kwalbar a hannunta. Isuhu na danne da auduga a gwiwar hannu, bai ko dube ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar da bango yake.

“Ardo, ni ka ruɗa, ko cutar?”

Shekara talatin ina faɗa wa wani wannan magana ina jin ni mai ilimi ne. Na zauna da takalmi ɗaya a ƙafa. Daga baya na naɗe hannun rigata har sama na miƙa. Ta matso, ta ɗaure, ta shafa auduga mai sanyi. Rabon da hannunta ya taɓa nawa tun tana cikin zanen goyo. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan, ko zafin allurar ban ji ba, na ce a raina yarinyar nan ta fi ni iya aiki. Ta zare, ta ɗauki biro.

“Wane suna zan rubuta, Baba?”

“Haruna Tanko,” na ce.

Ta rubuta. Ba ta tambayi shekaru ba, sai na ce ba ta tambaya ba.

“Na san su,” in ji ta. “Su ne suka gaya mini tun wancan karon. Baba Isuhu bai kai sittin ba.”

Wato duk hirar nan ta zaure, da ni take, ta kuma san da ni take. Na tambaye ta, ina kallon ƙasa, me ya hana ta faɗa tun ranar.

“Da na faɗa, da ba ku zo ba.”

Gaskiyarta. Da ban zo ba.

Lambar Isuhu ta fito ko biyu ba ta kai ba. Tawa ta hau zuwa sha bakwai. Aka tura ni babban asibiti a Zariya, muka bi ayarin motoci don lokacin hanya ta fara lalacewa da 'yan fashi. Likita ya duba, aka ɗauki hoto, aka tsinko naman. Sankara ce, amma Allah ya sa ba ta fita daga wurinta ba, aka yi aiki aka cire. Likitan ya ce da na ƙara shekara ɗaya ko biyu ina zarya da buta, da wata maganar muke yi. Kuna tuna lokacin da aka ce muku an yi wa Baba aikin ƙaba? To wannan ne.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko a firgice na yi shi, wannan kuwa da hankalina. Na tara su uku, mahaifiyarku da Isuhu da Yayarku, na ce maganar nan ta tsaya a tsakaninmu. Sau ɗaya ke nan a rayuwarta da Yayarku ta yi mini musu. Ta ce, “Baba, ɗan wanda ya yi ta ya fi kowa bukatar ya sani. Su Sani fa?” Na ce su Sani yara ne, in sun kai shekarun zan gaya musu da bakina. A Kuyello kuwa Asabe ta yi sadakar waina, labari ya bazu cewa sassaƙe ya warkar da Isuhu, asibiti ma ta shaida. Ban san maza nawa suka dafa itacen nan maimakon su miƙa hannu a ɗebi jini ba. Ɗaya dai na sani. Yohanna, maƙwabcin gonar Isuhu, wanda muka yi wasan ƙasa tare. Shekara biyu yana shan sassaƙen. Isuhu ya yi ta ce masa ya je asibiti, shi kuwa yana cewa, “Kai da ka warke da shi za ka hana ni?” Isuhu bai iya ba shi amsa ba, saboda alkawarin da ya yi mini. Da aka kai shi Zariya abin ya riga ya shiga ƙashi. Na je jana'izarsa na tsaya daga baya. Wannan yana wuyana, ina kuma roƙon Allah gafara a kansa kullum.

Asabe, in an karanta miki wannan, ki yafe mini kukan da na sa ki, da masarar shekarar nan. Mijinki bai taɓa ɓoye miki ciwo ba. Yayansa ya rufa wa asiri.

Sani, bana shekararka arba'in da shida. Kabiru na biye da kai. Kun kai shekarun tuni, ni ne na yi ta ɗaga ranar. Ba na ce kuna da komai ba, lambar ma in ta hau ba hukunci ba ce, kun ji yadda aka yi mini bayani. Amma ku je a auna, ku faɗa wa likita cewa mahaifinku ya yi ta, ku kuma ba da sunanku na gaskiya. Ni har yau duk bayan wata shida nake zuwa, in zauna a bencin nan in naɗe hannun riga. Lambar tana nan ƙasa, kusan babu. Ita ke ɗiba, ta ce, “Baba, a dunƙule hannu,” in dunƙule, ta ce, “An gama,” in ce, “To, madalla,” in sa takalmi in fito. Iyakar hirarmu ke nan, kuma duk wata shidan ina ɗokinta.

Ku je wurinta. Sati shida ta riƙe maganar da ta san ran ubanta na ciki, don kada ta kunyata ni, ta kuma san yadda ta jawo ni har bencin. Sunanta Saudatu. Ni na yi mata huɗuba da shi a kunne shekara hamsin da ɗaya da suka wuce, ban sake faɗarsa ba sai yau.